Na'urar Da Aka Fasa Wa Kwaɗo: Nasiha Ga Samarin Gidan Gem

'Ya'yana da ƙannena, samarin Injamena da duk inda wannan takarda ta riske ku.

Bayan la'asar, idan zafin rana ya sassauta, babu unguwar da za ka ratsa a garin nan ba ka ji ƙarar janareta a bayan wata rumfar kwano ba. Ka leƙa ciki, za ka tarar da talabijin biyu ko uku, da benci, da yara sun yi cincirindo, biyu na riƙe da hannun gem, saura na jiran layi. Real Madrid da Barcelona suna karawa sau hamsin a wuni ɗaya a wannan rumfa. Ni ban zo in hana ku wasa ba. Mu ma mun yi langa da dara har iyaye suka gaji da kiranmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta shiga tsakanina da ɗan ƙanena, wanda ke gyaran waɗannan na'urori.

Na same shi ya kwance wata PlayStation 2, ya jera kusoshinta a kan murfin kwano, yana aiki da natsuwar da ban taɓa ganin ya yi a kan littafi ba. Na ce masa, "Cikin wasannin da kake zuba wa mutane a filashi, nawa ne aka saya daga hannun masu su?" Ya ɗago ya dube ni da mamaki, ya ce, "Baba, ai ba a sayen gem, tura shi ake yi." Ya faɗi haka da zuciya ɗaya, don tun da ya buɗe ido haka ya ga ana yi. Wannan amsa ta kwana a raina, kuma ita ce dalilin wannan nasiha.

Ku fara sanin yadda wannan kasuwa take tafiya. Kamfanin da ke ƙera na'urar gem ba a jikin na'urar yake neman ribarsa ba. Sau da yawa a kan faɗuwa yake sayar da ita, musamman a shekarunta na farko. Lokacin da Sony ya fito da PlayStation 3 a watan Nuwamban 2006, farashinta dalar Amurka 499 ne da 599, amma waɗanda suka kwance ta suka ƙiyasta kuɗin kayan cikinta sun gano cewa kamfanin na asarar fiye da dala 200 a kan kowace guda. Me ya sa ɗan kasuwa zai yi haka? Saboda ya san duk wanda ya sayi na'ura zai dawo sayen wasanni, kuma kowane faifai da aka sayar, ko na wane kamfani ne, akwai kason mai na'ura a ciki. Kamar mai injin niƙa ne da ya ba ka injin a kan araha, da sharaɗin a wurinsa za ka riƙa sayen dutse da bel. Kwaɗon da suke sa wa na'urar, wanda ke hana ta karɓar faifan da aka kwafa, shi ne mai gadin wannan sharaɗi. Ranar da aka fasa kwaɗon, na'ura za ta ci gaba da tafiya a kasuwa, wataƙila ma ta fi da gudu, amma kuɗin da ake jira daga wasanni ya yanke.

Alƙaluman Sony da kansa sun nuna wani abu a nan. An sayar da PlayStation 2 fiye da miliyan 155, tare da wasanni fiye da biliyan ɗaya da rabi, wato kusan wasa 10 ga kowace na'ura. PSP kuwa, 'yar ƙaramar nan ta riƙewa a hannu da ta fito a 2004, an sayar da fiye da miliyan 76 zuwa 2012, amma wasanninta miliyan 331 ne, wato wasa 4 da 'yan kai ga kowace guda. PSP na cikin na'urorin da aka fi saurin fasawa: a canza mata manhaja, a zuba wasanni a memori, shi ke nan. Mutane sun so na'urar, sun saye ta, amma manyan kamfanonin wasanni na Turai da Amurka suka ja da baya wajen yi mata sababbin abubuwa, don sun ga shukar ba ta biyan wahala. Mai na'urar da ya biya kuɗinsa na halas shi ma ya sha wannan rashi tare da kowa.

Kafin PSP akwai Dreamcast ta kamfanin Sega, wadda ta fito a Japan a 1998. A shekarar 2000 masu kutse suka gano hanyar da za ta karɓi faifan CD da aka kwafa a gida ba tare da an ko kwance kusa ɗaya ba. A farkon 2001 Sega ya ba da sanarwar daina ƙera ta, wadda jimillar cinikinta ta tsaya a kimanin miliyan 9, kuma daga nan bai sake fitowa da babbar na'urar gida da za ta yi gogayya da sauran ba. Gaskiya ita ce ba satar fasaha kaɗai ta kayar da ita ba. Zuwan PlayStation 2 da asarar da Sega ya riga ya tafka a baya sun fi nauyi. Amma kamfanin da ke tangaɗi, idan aka huda masa aljihu ɗaya da ya rage, faɗuwarsa takan zo da wuri.

Dole in gaya muku ɗaya ɓangaren, don nasihar da ta ɓoye rabin gaskiya ba ta da albarka. PlayStation ta farko da ta biyu an fasa su ƙwarai, an dasa musu 'yar ƙwaƙwalwar da ake kira cif, kuma duk da haka sun yi kasuwar da ba a taɓa gani ba. Nintendo DS ta sha fama da katin R4 na kunna wasannin kwafi, har kotu a Tokyo ta hana sayar da shi a 2009, wata kotu a Ingila ta bi sahu a 2010, amma an sayar da DS kimanin miliyan 154. Wani bincike da Hukumar Tarayyar Turai ta sa aka yi, wanda ya fito fili a 2017, bai sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa kwafar wasanni na rage cinikinsu ba a ƙasashen da aka duba. Dalili a bayyane yake: ba kowane wanda ya kwafa ba ne da zai saya in da babu kwafi. Babban kamfani mai kasuwa a Amurka da Japan da Turai yana iya jure wa ɓeraye a rumbunsa, don rumbun cike yake. Wanda ba ya iya jurewa shi ne ƙaramin manomi, kuma nan ne maganar ta dawo kanmu.

Ku dubi hanyar da na'ura ke bi kafin ta iso rumfar unguwarku. Akasari gwanjo ce, wani ya yi amfani da ita a Turai ko a ƙasashen Larabawa, ta biyo ta Legas ko Duwala ko Dubai, da yawansu su tsallako daga Kusiri ta gadar Ngeli, su sauka a Babbar Kasuwa ko kasuwar Dembe. Kamfanin da ya ƙera ta bai ga ko sisi ba daga wannan ciniki. Kafin ta kai hannun mai saye an riga an fasa ta, an cika ta da wasanni. Nan ma kamfanin bai ga komai ba. Idan akawunsu ya buɗe littafi a ƙarshen shekara, zai ga Chadi babu ciniki, alhali dubban yara a nan sun haddace sunayen wasanninsu. Kasuwar da ba ta cikin littafi kuwa ba a yi mata tanadi. Shi ya sa in ka zo buɗe asusun PlayStation ba za ka ga Chadi a jerin ƙasashe ba, ba za ka ga Nijar ko Najeriya ba, sai ka ari adireshin Faransa ko Amurka. A watan Mayun 2024, da rigima ta tashi a kan wasan Helldivers 2, an wayi gari an janye sayar da shi a dandalin Steam daga ƙasashe fiye da 170 da ba su da wannan asusu, kuma yawancin Afirka na ciki. Ba su ƙidaya mu, don ba su taɓa ganin kuɗinmu ba. Mu kuma ba mu biya, don ba su buɗe mana ƙofar biya ba. Haka igiyar ta naɗe, kowa na riƙe da baki ɗaya.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sabon wasa na PlayStation 5 yana kai dalar Amurka 70, wato wajen sefa 40,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi a hukumance yake sefa 60,000 a wata. Wa zai ce wa ɗan leburan da ke Injamena ya ba da kashi biyu cikin uku na albashin ubansa don wasan ƙwallo? Kamfanonin da suka yi hankali sun gane haka. Masu Steam sun shiga Rasha, inda kowa ya ce ba a sayen wasa sai kwafi, suka sauke farashi daidai aljihun mutane, suka fitar da wasanni da harshen ƙasar a kan lokaci, sai ga Rasha ta zama ɗaya daga manyan kasuwanninsu a Turai. Don haka ban ɗora muku laifin talauci ba, ban kuma wanke kamfanoni ba. Sai dai laifin wani ba ya mai da naka lada.

Ku lura kuma da abin da wannan yaƙi ya haifar. Duk lokacin da aka fasa kwaɗo, sai a ƙera wanda ya fi shi tsauri, kuma tsaurin a kanmu yake ƙarewa. A 2010, bayan wani matashi Ba'amurke mai suna George Hotz ya kutsa cikin PlayStation 3, Sony ya cire damar da ke cikinta ta sa manhajar Linux, damar da ɗalibai da masu bincike ke amfani da ita a kan halas. A 2011 kamfanin ya kai shi kotu, a watan Afrilun shekarar kuma wasu masu kutse suka afka wa asusun PlayStation, bayanan mutane kimanin miliyan 77 suka shiga haɗari, aka rufe hanyar fiye da mako uku. Yau da yawa daga cikin wasanni ba sa tashi sai da intanet, sai da asusu, sai an sauke musu gyara mai cinye data. Ku da kuka san tsadar data da ɗaukewar wuta a garin nan, kun fi kowa sanin wanda wannan ya cuta. Wasannin da ake ce muku kyauta ne, irin su eFootball da Free Fire, wani ɓangare na dalilin yaɗuwarsu shi ne ba a iya sace abin da yake zaune a kwamfutar kamfani. Ba su karɓi kuɗi a bakin ƙofa ba, amma suna tatsar yaro ɗari biyar yau, dubu gobe, don sayen riga ko ɗan wasa, har ya kashe abin da ya fi kuɗin faifai.

Masu mai da fasa na'ura sana'a ma su sani cewa abin ba wasan yara ba ne a idon doka. Gary Bowser, ɗan Kanada da ke cikin ƙungiyar da ke sayar da kayan fasa Nintendo Switch, kotun Amurka ta yanke masa wata 40 a kurkuku a 2022, tare da biyan dala miliyan 14 da rabi, bashin da zai yi ta biya daga abin da yake samu. A 2024 masu manhajar Yuzu, ta kunna wasannin Switch a kwamfuta, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4, suka rufe aikinsu. Mu ma nan Chadi muna da dokar kare haƙƙin mawallafa tun 2003, da hukumar BUTDRA mai kula da wannan haƙƙi, kuma ƙasarmu na cikin ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta OAPI mai hedikwata a Yawunde. Rashin ganin ana kama mutane ba ya nufin babu doka.

Amma bar ta Japan da Amurka, mu zo gida. Ku tambayi iyayenku yadda kasuwar finafinan Hausa take a da. Daga Ƙofar Wambai a Kano ake ɗauko kaset, daga baya faifai, a kai Maradi da Damagaram da Agadas, a kawo nan Injamena, har Sudan. Mai shirya fim ya sayar, ya mai da kuɗinsa, ya sake yin wani, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai masu satar fasaha suka yi yawa, fim ya fito da safe, da yamma an kwafe shi. Daga baya masu tura finafinai a waya suka ƙarasa abin da ya rage. Kasuwar faifai ta mutu, shaguna suka rufe, masu shirya fim da yawa suka karye, waɗanda suka rage suka koma YouTube da tashoshin talabijin suna neman abin da za su rufa wa kansu asiri. Ba Bature aka cuta a nan ba. 'Yan'uwanmu ne, masu harshenmu. A garin nan ma, Mahamat-Saleh Haroun ya nuna a fim ɗinsa na 1999, Bye Bye Africa, yadda gidajen sinima suka zama kufai bayan yaƙi, ɗakunan kallon bidiyo suka maye gurbinsu. Sai da ya ciwo lambar yabo a bikin Cannes a 2010 sannan aka sake buɗe sinimar Normandie a 2011. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Al'adar da ta koya mana cewa aikin ƙwaƙwalwa ba shi da farashi, ita za ta cinye duk ɗan Chadi da zai tashi gobe ya ce zai ƙirƙiri wasa.

Kuma masu ƙirƙirar sun fara fitowa a maƙwabta. A Yawunde, Olivier Madiba da abokan aikinsa na Kiro'o Games sun yi shekaru suna fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin jari, har suka fitar da wasan Aurion a 2016. A Legas akwai Maliyo Games, a Ghana da Kenya akwai Leti Arts. Waɗannan ba su da rumbun Sony. Idan mutum dubu suka kwafi aikinsu, albashin ma'aikatansu ne ya tafi.

Ta fuskar addini ma malamai sun yi magana. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a keta ta ba. Ku je ku tambayi malamanku na unguwa a kan bambancin wanda ya yi wasa da abin da ya tarar, da wanda ya kafa teburi yana cin abinci da gumin wani.

To, me nake so ku yi? Da farko ku raba gyara da sata. Wanda ya canza wa na'ura idon karanta faifai, ya gyara hannun gem, ya share ƙurar hunturu daga fanka, ya farfaɗo da abin da aka jefar, wannan sana'a ce mai daraja, kuma garin nan na buƙatarta. Wanda ya kwance na'urarsa don ya fahimci yadda take aiki, ɗalibi ne. Amma wanda jarinsa duka shi ne tura aikin wasu, ya sani yana gini a filin aro, kuma sababbin na'urori na ƙara rufe masa hanya kowace shekara.

Na biyu, inda kuka iya biya, ku biya. Akwai faifan asali na gwanjo a kan sauƙi, akwai lokutan rangwame da wasa ke saukowa ƙasa da rabin kuɗinsa, akwai wasannin da masu su suka bayar kyauta da yardarsu. Mai gidan gem da ke samun ciniki kullum da wasa ɗaya ko biyu, ya daure ya mallaki na asali, don da shi yake ci. Idan kuwa aikin ɗan Afirka ne, wasa ko fim ko waƙa, kada ku yarda ku karɓe shi ta bayan gida. Wannan ita ce iyakar da nake roƙon kada ku tsallake ko da aljihu ya yi ƙunci.

Na uku, ku kiyaye kanku. Wasannin da ake saukewa daga shafukan sata sukan zo da ƙwayar cutar kwamfuta a ɓoye, mai kwashe lambobin sirri, a zamanin da kuɗin mutum ke cikin wayarsa. Na'urar da aka fasa kuma, in ta hau intanet, kamfani na iya toshe ta har abada. Garin neman gira kada a rasa ido.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi damuna, kada basirarku ta tsaya a fasa kwaɗon wani. Ku ji labarin wani saurayi a Warso, babban birnin Folan, mai suna Marcin Iwiński. Yana ɗan makaranta yana sayar da kwafin wasanni a kasuwa, kamar yadda wasunku ke yi yau. A 1994 shi da abokinsa Michał Kiciński suka kafa kamfanin CD Projekt, suka koma shigo da na asali. Sun san ba za su iya karya farashin ɓarayi ba, sai suka yi abin da ɓarawo ba ya iyawa: suka fassara wasan Baldur's Gate zuwa harshen ƙasarsu, suka ɗauko sanannun 'yan wasan kwaikwayo suka sa murya, suka haɗa shi da taswira da littafi a kwali mai kyau. A ranar farko kwafi 18,000 suka fita, a ƙasar da ake cewa ba mai sayen na asali. Daga nan suka ƙirƙiri nasu, The Witcher, a 2007, daga labaran wani marubucin ƙasarsu, yau kuma duniya ce ke saye a hannunsu. George Hotz ɗin nan ma da Sony ya kai kotu, daga baya kamfani ya kafa mai ƙera manhajar taimaka wa direban mota.

Kayan koyo yanzu a buɗe suke, kuma na halas. Manhajar Godot ta haɗa wasa kyauta ce, Blender ta zane kyauta ce, tsohuwar kwamfuta na iya ɗaukarsu. Labari kuwa ba mu rasa ba. Ga dambe da kokawa, ga dara da langa, ga masunta a Tafkin Chadi, ga ayarin fatake da mahajjatan da suka ratsa garin nan a ƙasa tun yana Fort-Lamy, ga yaƙin Rabe a Kusiri a 1900, a tsallaken kogin da kuke wanka. Babu wani a Tokyo da zai mai da waɗannan wasa da Hausa ko Larabcin Chadi. In ba ku yi ba, ba mai yi.

Na koma wurin ɗan ƙanena bayan kwana biyu, na ce masa, "Ranar da ka haɗa naka wasan, ka kwana wata shida a kansa, wani ya zo ya tura wa unguwa duka a kan sefa ɗari biyu, me za ka ce?" Ya yi shiru, ya ci gaba da ɗaure kusoshinsa. Ban matsa masa ba, don na ga maganar ta shiga.

'Ya'yana, kayan aro ba ya rufe katara. Hannun da ya iya kwance PlayStation ya mai da ita daidai, ya isa ya gina abin da za a kira nasa. Ku girmama gumin wasu tun yau, don a girmama naku gobe. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa sana'arku ta zama halas, Ya nuna mana ranar da za a sayi aikin ɗan Injamena da kuɗi a kasuwannin duniya.